Fanka Ce Ajalin Gwaggo Sannu-Sannu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da maƙogwaro mai cike da maganar da aka hana fita, iyalan Baba Mai Gyaran Janareta ke sanar da 'yan uwa, da maƙwabtan layi, da duk wanda ya taɓa kawo inji a mace ya koma da shi yana ruri, rasuwar tasarsu ta shanya fetur, wadda aka fi sani da Gwaggo Sannu-Sannu. Ta rasu ranar Talata da hantsi, a bayan shago, tana da shekara goma sha tara a bakin aiki. Har jiya ƙadangaren nan mai guntun wutsiya da ya saba hawa rufinta yana zuwa, ya tsaya a kan baƙin yashi, ya gyaɗa kai sau biyu, ya koma. Shi kaɗai ne ya zo gaisuwa bai fara da tambayar laifin wane ne ba.

Marigayiya ba ta yi jinya ba. Iyalai na so a fara da wannan, domin tun ranar Talata ake yawo da maganar cewa tsufa ne ya ci ta, wai rana ce ta buge ta har ta kama da kanta. Ƙazafi ake yi wa mamaciya. Ita ba ta da bakin da za ta kare kanta, tsohon da ya ƙera ta kuwa yana da baki, amma ya ɗinke shi saboda dalilin da za a ji nan gaba.

Ga wanda bai taɓa leƙa bayan shagon ba, Gwaggo gindin duro ce. Baba ne ya yanke ta da hannunsa, zurfinta yatsa huɗu. Mai walda na layin ya yi mata ƙafafu uku da rodi. Baba ya ɗora mata murfin raga don kada kaji da ganye su faɗa, ya kafa mata ɗan rufin kwano a sama da tazarar kamu guda, yadda ruwan sama ba zai shiga ba, iska kuwa ta shiga ta ko'ina ta fita ta ko'ina. Ya shimfiɗa mata yashi a ƙasa, ya ajiye mata bokitin yashi a gefe. Mazauninta can ƙarshen fili ne, taku ashirin da biyar daga bangon shago, inda babu murhu, babu wayar lantarki, babu ko inuwar da za ta ja mai sigari ya zauna.

Aikinta guda ne tak. Mai gyaran janareta da fetur yake wanke kabireta da sauran ƙananan sassa, in ya gama sai a bar shi da ɗan baƙin fetur mai datti, wanda inji ba zai sha ba, kuma ba abin ajiyewa a ɗaki ba ne. Wannan ragowar ake zuba wa Gwaggo da safe. Ita kuma ta baje shi a cikinta, ta riƙa miƙa wa iska kaɗan-kaɗan. Kafin la'asar sai a tarar da busasshen datti kamar ƙanzo, a kankare, a sa a gwangwani mai murfi.

Cikin nadama aka haife ta. Shekara goma sha tara da suka wuce, Baba yana ganiyar ƙarfinsa, abin da kowa ke yi a layin shi ma shi yake yi: in ya gama wanki ya ɗaga murfin kwata ya tuttule. Kwatar nan ta bi ta ƙarƙashin shaguna bakwai, ta ɓulla a bakin titi daidai inda Iya Mai Abinci ke kafa murhunta. Wata rana ya juye kusan rabin bokiti. Iya ta kwaso toka da sauran garwashi ta zuba a bakin kwata kamar yadda ta saba kullum. Wuta ta taso daga ƙasa ta kama zaninta. Wata huɗu ta yi a asibiti. Har gobe ƙafarta ta hagu ba ta miƙewa, fatar kuwa daga gwiwa zuwa idon sawu ta tattare kamar ledar da aka manta kusa da murhu.

Babu wanda ya san fetur ɗin wane ne, tunda shago bakwai ke zubawa. Baba ya sani. Ya je asibiti ya durƙusa gaban gadonta ya faɗa da bakinsa, alhali ba wanda ya tambaye shi. Iya ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce, "Tashi, Malam. Wannan ƙafar ta riga ta tafi. Ka dai tabbata ɗayar ba ta hannunka za ta bi ta ba."

Daga asibitin wurin masu duro ya wuce. A ranar ya ɗauki alkawarin da duk 'ya'yansa suka haddace kafin su haddace sunan unguwarsu: ko ɗigon fetur ba zai sake shiga kwata ba, ba ta hannunsa ba, ba ta ƙofar shagonsa ba. Gwaggo ce ta riƙe masa wannan alkawari duk tsawon shekarun nan. Wanda ya ce ƙarfe ne kawai ya ƙone, to bai san abin da aka ɗora wa ƙarfen ba.

Marigayiya mai tsantseni ce wajen ci. Gwangwanin madara ɗaya take karɓa a rana, ba ta taɓa neman ƙari ba, Baba kuma bai taɓa tilasta mata ba. Abin da ya wuce haka jarka mai murfi yake shiga, ya jira motar masu karɓar gurɓataccen mai, wadda ke zuwa daga can ƙarshen gari duk Alhamis ta biyu. Ranar da aka tashi da hadari ba a ba ta komai. Ranar da iska ta tsaya cak ma ba a ba ta. Baba kan jiƙa yatsa ya ɗaga sama, in bai ji sanyi a gefe ɗaya ba ya ce, "Yau hutu take." Kuma duk wanda ya taɓa aiki a shagon ya ji gargaɗinsa har ya gundure shi: "Tururin fetur ba hayaƙi ba ne. Hayaƙi sama yake yi. Wannan rarrafe yake yi a ƙasa, yana neman wanda zai kunna shi."

Ba mai surutu ba ce. Da hantsi, in rana ta fara gasa rufinta, takan ce ƙas, ta yi shiru, can kuma ta ce ƙas. In iska ta ratsa ragarta sai ta yi ɗan siririn wuii kamar tsohuwar da ke gyangyaɗi. Da damina kuwa tan-tan-tan take yi har ruwa ya ɗauke. Iyakar maganarta ke nan a duniya. Ba ta taɓa gulmar kowa ba, ko da yake an yi tata. Mai gyaran babur na shago na uku kan leƙo ta saman katanga ya ce, "Malam, an ba Gwaggo karin kumallo kuwa?" Baba ya ce, "Ta karya. Ta ce a gaishe ka, ta ce ka matsa can da sigarinka." A yi dariya, mai gyaran babur kuma ya koma ya ɗaga murfin kwatarsa.

Ciwon ajalinta shekara uku da suka wuce ya shigo shagon, sanye da riga mai guga. Idon Baba ya fara hazo, sai ya kira babban ɗansa ya damƙa masa gaban shago: karɓar aiki, magana da masu kaya, sayen sassa. Shi ya koma ciki da sifanunsa, inda hannu ke gani ko ido bai gani ba. Ba a yi wata guda ba ɗan ya sayo kujera mai juyawa, da fanka mai tsayuwa, ya sa aka buga masa kati da ke cewa Manaja. Tun daga nan duk layin Manaja ake kiransa, wasu da girmamawa, mafi yawa da wani abu dabam.

A yi masa adalci: yana da bakin jawo aiki, kuma hannunsa ba laifi. Abin da ba shi da shi jira ne. Ruwan zafi ma in ya ɗora sai ya tsaya a kansa yana yi masa faɗa. Tun ranar farko jininsa bai haɗu da na Gwaggo ba.

"Baba, duniya fa ta wuce wurin nan," ya kan ce. "Mutane na aika saƙo bangon duniya cikin daƙiƙa, mu muna nan muna gadin kwano yana shan iska."

"Saƙon nasu fetur ne?"

"Misali nake ba ka."

"To ka ajiye misalin can nesa da ita."

Litinin ɗin makon nan wata makaranta ta kawo janareta shida da suka shekara a ɗakin ajiya ba a tayar ba. Fetur ɗin cikinsu ya lalace, ya yi ja, yana warin tsohon fenti. Aka tsiyaye shi, ya cika jarka biyu. Jarkokin na makarantar ne, kuma mai kula da kayansu ya ce yana son abinsa wayam ranar Talata da azahar, zai sayo sabon mai. Baba ya ce a ba shi haƙuri zuwa Alhamis, ko a ara masa wasu. Manaja ya ce ya riga ya ba da kalma, shago kuma ba ya girma da "dawo jibi". Baba ya ce ko ma mene ne a jira shi ya dawo, don da safe zai je asibitin ido, ranar ganin likitansa ce. Manaja ya ce to. Wannan "to" ɗin iyalai na roƙon a tuna da ita.

Da Baba ya bar layin, Manaja ya ciccibi jarka guda ya nufi ƙarshen fili. Ya ɗaga raga ya zuba wa tsohuwar da ba ta taɓa wuce gwangwani ɗaya ba, ya zuba har ya kawo mata baki, har yana tsiyaya ta gefe yana jiƙa yashi. Ya tsaya ya riƙe ƙugu yana kallo. Ya duba agogo. Ya koma shago ya juya a kujerarsa, ya dawo. Ko ƙwayar shinkafa fetur ɗin bai sauka ba. Gwaggo dai ta ce ƙas, wanda iyalai suka ɗauka roƙo ne.

Sai dabara ta zo masa. Ya shiga ya ɗauko fankarsa. Wayar ba ta kai ba, ya haɗa da wata. Ita ma ba ta kai ba, ya fere bakin ta uku da haƙori, ya murɗa su tare, ya naɗe mahaɗin da ledar burodi. Mahaɗin nan a kan yashi ya kwanta, taku ɗaya daga ƙafar Gwaggo, daidai inda abin da Baba ya shekara goma sha tara yana faɗa yake rarrafe.

Autar gidan ta kawo wa Baba kwanon abincinsa, ba ta san bai dawo ba. Daga ƙofar baya ta hango wayar tana jan ciki a ƙasa.

"Yaya, wayar nan..."

"Farfesa, je ki karanta littafinki. Ba iska ce ke shanye shi ba? Ko ba haka aka koya muku a jami'ar ba? To ga iska nan na ƙara masa."

"Yaya, don Allah ka bari Baba ya..."

Ya danna lamba uku a jikin fankar.

Maganar ƙarshe da marigayiya ta yi a duniya ita ce fuuu. Ba ta yi ƙara irin ta bindiga ba. Numfashi ɗaya ta ja, sai ga wuta ta fi katanga tsawo. Rufinta ya lanƙwashe, ragarta ta yi ja ta fashe, ƙafa ɗaya ta saki, ta durƙusa.

Layi ya cika da ihu. Mutane suka yo ca da bokitan ruwa. Wadda ta tare su Iya ce. Da ƙafar nan da ba ta miƙewa ta ratsa shago, ta tsaya a gabansu ta ware hannu. "Kada ɗan banzan da ya watsa ruwa! Ruwa goya shi yake yi ya kai shi gidan uban kowa! Yashi! Ku kawo yashi!" Ita ta fara ɗaukar bokitin Gwaggo ta juye. Aka kwaso na mai bulo da shebur. Cikin ikon Allah wutar ba ta sami abin kamawa ba, domin an yi shekara goma sha tara ana share duk abin da za ta kama a kewayen wurin. Ko a mutuwarta sai da tarbiyyar Gwaggo ta ceci layin.

Manaja ya tsira da ransa, kuma iyalai na gode wa Allah a kan haka, da gaske. Girarsa biyu ce ba ta tsira ba, da rabin gemu. Abin da ya fara yi bayan ya miƙe, tun kafin ya shafa fuskarsa, shi ne ya nannaɗe wayar, ya ja fankar ta bayan mutane ya tura ta ƙarƙashin tebur, ya jingina mata kwali.

Baba ya dawo bayan azahar, an ɗiga masa maganin da ke sa komai ya zama haske. Bai ga gawar sosai ba. Ya durƙusa ya laluba. Hannunsa ya bi gefen tasar, ya bi ƙafar da ta karye, ya sauka kan yashi, sai ya ci karo da wani abu mai tauri. Ya murza shi tsakanin yatsu biyu: narkakkiyar leda, da zaren jan ƙarfe a cikinta. Mutumin da ya yi shekara arba'in yana gyaran wuta ba ya bukatar ido ya gane waya. Ya sa abin a aljihu. Bai kira sunan kowa ba.

Ranar Laraba aka zauna. Mai ginin ya zo, shugaban 'yan layi ya zo, aka jera benci a gaban shago. Dokar layin kowa ya san ta: wanda ya tayar da gobara da ganganci zai tattara ya bar layin, kuma babu layin da zai karɓe shi a garin, don labari zai riga shi isa. Manaja yana da mata da 'ya'ya biyu, ɗaya ko yaye ba a yi ba.

Shi ya fara magana, ya sa hula har goshi. Ya ce abin ya daɗe yana ba shi tsoro. Ya ce tsohon ƙarfe ne, ya sha rana, kuma ranar Talata an yi zafi na musamman. Ya ce sau nawa yana ba Baba shawara a rabu da abin nan, amma an san halin dattijai da kayansu. Ya ce shi garin kashe wutar ma ya rasa gira. Wasu har suka ce masa sannu.

Mai ginin ya juya. "Malam, kai ka ƙera abin nan. Haka maganar take?"

Duk wanda ke wurin ya ga hannun Baba ya shiga aljihu ya tsaya a can. Ya dubi inda muryar ɗansa ta fito. Mutumin da ya taɓa zuwa har asibiti ya tona kansa ba a tambaye shi ba, yau an tambaye shi a gaban jama'a, sai ya ce, "Ta tsufa, ranka ya daɗe."

Iya ta ja tsakin da aka ji har shago na bakwai. "Ta tsufa? Ni da na taka waya da ƙafata..."

"Iya, zaman masu shago ne wannan," in ji shugaban layi. "Ke a bakin titi kike."

"A bakin titi nake, a bakin kwatarku nake! Ɗan nan, dube ni. Na ce ka dube ni!"

Manaja ya dubi takalminsa. Auta ta motsa daga bakin ƙofa, Baba ya ɗaga mata yatsa ɗaya ba tare da ya waiwaya ba. Yatsan ya hana baki magana, amma ba a ji ya ambaci takarda ba, shi ya sa Auta ke rubuta wannan.

Aka yanke hukunci. Tunda tsautsayi ne ba za a kori kowa ba, amma kada a sake kafa irin wannan abu a filin, ko da wasa. Mai ginin ya ƙara da cewa ya kamata Malam ya fara hutawa, ya bar wa yara masu ido. Baba ya karɓa da "na gode". Sai da aka fara ɗage benci ya yi tambaya guda, da muryar da ba a san shi da ita ba.

"To ragowar wanki fa? Ina za a zuba?"

Shugaban layi ya yi dariya, ya nuna kwata da leɓe. "Inda kowa ke zubawa mana, Malam. Shekara nawa muna yi, wa ya mutu?"

Iya tana tsaye taku uku daga gare shi lokacin da ya faɗi haka.

Marigayiya ta bar mai ƙera ta, wanda tun ranar Laraba bai gama kwano ɗaya na abinci ba, kuma yanzu yaran layi na nuna shi a matsayin tsohon da ya kusa ƙone su. Ta bar Iya Mai Abinci da ƙafa ɗaya mai lafiya, da murhu a inda yake. Ta bar Umma, matar Baba, wadda ta kwana biyu tana shafa wa ɗanta man ƙuna a goshi tana cewa kowa ya yi shiru, asirin gida a gida yake zama, kamar kwata ta san iyakar gida. Ta bar gwangwanin madara ɗaya, yana rataye a ƙusa ba shi da wanda zai auna wa. Ta bar jarka ta biyu, wadda motar Alhamis ta zo jiya ta kwashe abin cikinta cikin minti biyar, ba tare da an ƙone girar kowa ba. Kwana biyu kacal ake nema. Ta kuma bar wadda ta kashe ta, fanka mai tsayuwa, fuka-fuki uku sun narke sun zama ɗaya, tana ƙarƙashin teburin gaban shago a bayan kwalin fulogi. Masu shakka na iya sunkuyawa.

Za a yi jana'iza gobe Asabar da ƙarfe goma na safe, a inda ta rasu. Mai sayen tsofaffin ƙarafa zai zo da kurarsa. Iyalai sun roƙe shi kada ya jefa ta kamar sauran kaya, a kama masa a ɗora, kuma in zai sa ta a sikeli ya bari sai ya sha kwana. Iya ta ce ita za ta kama gefe ɗaya, kada wanda ya ce mata ta zauna. Za a karɓi gaisuwa a kan dogon bencin bayan shago har azahar. Masu sigari su tsaya inda suka saba tsayawa tun tana raye. Masu cewa "Allah ya kiyaye gaba" ana maraba da su, in za su faɗi wane ne zai taimaka wajen kiyayewar. Masu cewa "ai tsufa ne" su riƙe gaisuwarsu, an gode. Ba a bukatar fanka, za a yi haƙuri da iskar da Allah ya hore.

Bisa al'ada wanda ya fi kusa da mamaci shi ke zama a tsakiyar benci. Ana sanar da masu zuwa kada su neme shi a can.

Tun ranar Talata ba a wanke ko ƙusa ɗaya a shagon ba, don Baba ya ƙi taɓa fetur tunda ba shi da inda zai kai ragowar. Aiki ya taru, masu kaya sun fara leƙe. Yau Juma'a da safe Manaja ya naɗe hannun riga ya wanke kabireta biyu da kansa. Da ya gama ya ɗauki ƙaramin bahon, ya fita ƙofar shago, ya sa ƙafa ya ture murfin kwata. Can ƙarshen layi hayaƙin murhun Iya ya riga ya tashi.

Ba a san lokacin da Baba ya taso daga ciki ba. An dai ga hannunsa biyu a bakin bahon.

"Baba, ɗan wannan ne fa. Ko cokali goma bai kai ba."

Baba bai saki ba.

"Kai ma ka ji abin da shugaba ya ce. To ya kake so in yi da shi? In sha? Baba, mutane na kallo."

Mutane kuwa na kallo. Mai gyaran babur ya ajiye sifana, mai walda ya ɗage gilashinsa. Manaja ya ja kaɗan, ya ji ba wasa a hannun tsohon, ya saki.

Baba ya koma ciki da bahon a hankali, kada ya fantsama. Ya laluba kantar shago ya sami mazurari da tsohuwar kwalbar ƙarfe mai murfi. Ya juye har ɗigon ƙarshe, ya goge bahon da tsumma, ya tura tsumman a gwangwani ya rufe. Ya murɗa murfin kwalbar, ya sake murɗawa. Motar masu karɓa ba za ta dawo ba sai nan da mako biyu, wurinsu kuma yana can ƙarshen gari, babu mai motar hayar da zai yarda ya ɗauki mutum da fetur a hannu.

Ya zaro makullan shago daga aljihu, ya ajiye su a kan kujera mai juyawa. Ya rataya jakar sifanunsa a kafaɗa, ya rungumi kwalbar a ƙirji. Da ya zo bakin ƙofa ya sa ƙafa ya mayar da murfin kwata mazauninsa, ya taka shi sau biyu har ya zauna. Sannan ya nufi ƙarshen gari, ya bi gefen titi, ta ɓangaren da babu murhu, yana laluben hanya da ƙafa.